Ta Sa Hannu Ba Ta Karanta Ba

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Yaya aiki, yaya kuma ciwon bayan nan da tsayuwar asibiti ta sa miki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Mu nan duk lafiya muke, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi sosai, har ta koma faɗan da ta saba yi da masu taka mata shuka a tsakar gida, kin kuwa san in Inna ta soma faɗa, lafiya ta samu. Baban yara yana nan yana fama da shago. Babbar 'yarki ta duƙufa karatun jarrabawa, Auta kuma haƙoranta biyu na gaba sun fita, in tana magana sai ka ce fito take yi.

Yaya, saƙonki ya iso ni ta bakin Inna, cewa in sauke girman kai in je in ba mutanen nan haƙuri a wuce wurin. Ban kira ki a waya ba don na san halina: zan ɗaga murya, kuka ya biyo baya, layi ya katse ban faɗi rabin abin da ke raina ba. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro. Na kuma ji Kawu yana yawo da labarin wai an kore ni daga makaranta saboda na yi wa shugabata rashin kunya, har da ƙarin cewa dama mace mai 'ya'ya uku ba ta da abin nema a aji. Ba a kore ni ba. Ki daure ki karanta har ƙarshe, sannan ki faɗa mini wanda zan ba haƙurin.

Kamar yadda kika sani, a shekarar ƙarshe ta karatun aikin jin daɗin jama'a, makaranta tana tura kowane ɗalibi wata ma'aikata ya yi mako goma sha biyu na sanin makamar aiki. A rubuce, tsarin yana da kyau har ya ba ka sha'awa. Za a haɗa ka da ƙwararren ma'aikaci a wurin, ya riƙa zama da kai awa guda kowane mako, ya raka ka ziyarar gidaje, ya karanta littafin da kake rubuta aikinka na kullum, ya gyara maka, sannan ya sa hannu. Malami daga makaranta kuma zai leƙo sau uku ya ga yadda ake ciki. Ni an tura ni ofishin kula da jin daɗin marasa lafiya a babban asibiti. Ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, bayan wurin karɓar magani: tebur biyu, kabad cike da fayil-fayil ɗaure da zare, da wata fanka da wuyanta ya ƙage, ɓangare ɗaya kawai take fifita.

Matar da aka ɗora mini, duk asibitin Ina-Zuwa suke kiranta a bayan idonta, ban kuma yi kwana uku ba na gane dalili. Sai wajen ƙarfe goma za ta shigo, ta ajiye jaka a kan kujera, ta dube ni ta ce tana zuwa, shi ke nan sai la'asar. Wallahi Yaya jakar nan ta fi ta zaman ofis, da jaka tana magana da na ce ita ta horar da ni. Zaman awa gudan nan ko sau ɗaya ba mu taɓa yi ba. Ranar Juma'a in na tura mata littafin, a tsaye take sa hannu, waya maƙale a kunne, ta buga hatimi ta rubuta cewa aiki ya yi kyau, idonta na kan ƙofa. Malamin makaranta kuwa sau ɗaya na ga ƙeyarsa, a mako na biyu. Ya tambaye ni ko ina jin daɗin wurin, ya tambayi inda bayi yake, ya sa hannu, ya tafi. Ɗan abin da na koya, daga bakin babbar nas ta ɗakin maza na tsinto shi, sauran kuma kurakuraina ne suka koya mini.

A mako na takwas aka kawo mini fayil ɗin wani dattijo mai gyaran agogo, kowa a ɗakin Baba Mai Agogo yake ce masa. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, hannunsa da ƙafarsa na dama ba sa aiki sosai, maganarsa ma sai ka matso ka kasa kunne. Mutum ne mai tsafta da kunya, ko ruwa aka miƙa masa sai ya yi godiya sau uku. Likita yana son sallamarsa don ana buƙatar gadon, amma ƙa'ida ita ce sai ofishinmu ya tabbatar akwai mai kula da shi a gida. A fayil an rubuta cewa yana zaune da ɗansa. Da na tambaye shi ina ɗan nasa, ban taɓa ganinsa lokacin ziyara ba, sai ya ce aiki ne ya yi masa yawa, ya kau da kai yana kallon bango. Hankalina bai kwanta ba. Na tari Ina-Zuwa a bakin ƙofa na ce ya kamata mu je mu ga gidan. Ta ce in yi gaba in duba, tana zuwa. Da bakinta ta faɗa, babbar nas tana tsaye tana ji.

Na tafi ni kaɗai. Tsohon bene ne mai hawa uku, ɗakinsa yana can saman ƙarshe. Matakalar ƙunci gare ta, siminti ya zaizaye, ƙarfen riƙewa ya cire a wuri biyu. Ni da ƙafafuna biyu sai da na tsaya na huta. Bayin da suke amfani da shi yana hawa na biyu, wato duk lokacin da ya matsu sai ya sauka ya hau. Maƙwabciyarsa, wata baiwar Allah mai wanki da guga, ita ke riƙe da makullin. Ta buɗe mini na ga ɗaki fes, katifa ɗaya, kofi ɗaya, teburin aikinsa da 'yan ƙananan sukudireba a jere kamar yanzu zai dawo ya zauna. Da na tambayi ɗan, sai matar ta riƙe baki. Ta ce rabonsu da shi shekara biyu ke nan, sun yi saɓani da uban ya tafi, ko waya ba ya yi. Ta ce akwai 'ya mace da ke aure a nesa, amma Baba ya hana a gaya mata komai don kada a ɗaga mata hankali. Ita maƙwabciyar kuma tun safe take fita sai azahar.

A ranar na rubuta rahoto shafi uku. Na faɗi abin da na gani, na ba da shawarar a dakatar da sallamar har a samo 'yar, ko a nema masa wurin zama a ƙasa. Ranar Laraba na ɗora shi a kan teburinta, na danne da abin buga hatimi don kada ta ce ba ta gani ba. Sau uku na tuna mata, sau uku ta ce tana zuwa. Duk wannan na rubuta shi a littafina, rana da lokaci, ba don wata dabara ba, don haka aka koya mana. Ranar Juma'a ta sa hannu kamar kullum. Ranar Litinin ashe an kawo mata fom ɗin sallama a baranda, ta cike gurbin ofishinmu cewa gida ya dace, ta wuce.

A nan zan faɗa miki nawa laifin, don ba na son ki ji rabin gaskiya. Na ga lokacin da ake tura shi a keken marasa lafiya za a fita da shi, har ya ɗaga mini hannunsa mai lafiya. Na ruga ofis, jaka na nan, mai jaka ba ta nan. Na kira wayarta sau biyu ba ta ɗauka ba. Na je har ƙofar likita na tsaya, hannuna a sama zan ƙwanƙwasa, sai na tuna gargaɗin da aka yi mana tun ranar farko a makaranta, cewa ɗalibi ba ya tsallake mai horar da shi ya kai magana sama, wanda ya yi haka ya kuka da kansa. Na sauke hannuna na koma na zauna ina jiranta. Wannan tsayuwar ta bakin ƙofa har yau tana cina, kuma ba na neman kowa ya wanke ni daga ita.

Mutum biyu suka ɗauki Baba suka hau benen da shi, suka kwantar, suka tafi. Kwana biyu bayan nan maƙwabciyar ta dawo da azahar ta same shi yashe a kan matakala. Ya yi ƙoƙarin sauka bayi ne, ƙafa ta ƙi, ya gangaro. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Tun hantsi yake kwance a wurin, muryarsa ba ta kai ko'ina. Da aka dawo da shi likita ya yi ta faɗa kamar zai tsaga asibitin, ya ce sai an gaya masa wanda ya ce gidan ya dace. To Yaya, a nan ne na ga abin da ban taɓa zaton babba zai yi ba. Matar nan ta zauna, karon farko da na ga ta zauna a teburinta, ta rubuta wa makarantarmu takarda. Ta ce na je ziyara ba da izininta ba, na dawo na shaida mata da baki cewa komai lafiya, kuma ban ba ta wani rahoto ba. Na duba teburin sama da ƙasa, shafi ukun nan sun yi ɓatan dabo. Shugaban sashenmu ya kira ni, ko kujera bai nuna mini ba, ya karanta mini takardar, ya ce an dakatar da ni a mako na goma sai kwamiti ya zauna.

Ranar zaman kwamiti Ina-Zuwa ta zo ta sha ado, murya ƙasa-ƙasa, tana cewa ta riƙe ni kamar ƙanwarta, amma ɗaliban yanzu akwai rawar kai da son nuna sun iya. Ni mai shekara talatin da takwas, wai ni ce mai rawar kai! Na danne takaicina. Da aka ba ni dama ban yi dogon bayani ba, na buɗe littafina a mako na takwas na tura gabansu. Ga ziyarar, ga matakalar, ga maganar maƙwabciya, ga ranar da na ajiye rahoto da sau ukun da na tuna mata. A ƙasan shafin kuma ga sa hannunta ɓaro-ɓaro, ga hatimi, ga rubutunta cewa aiki ya yi kyau. Da farko ta ce ƙila daga baya na ƙara rubutun, sai aka nuna mata hatimin ya hau kan layina na ƙarshe. Sai ta koma cewa aiki ya yi mata yawa, ta yarda da ni ne shi ya sa ba ta tsananta dubawa ba. Wata dattijuwa a kwamitin ta cire gilashinta ta tambaye ta, a cikin sa hannu goman nan, wanne ne ta karanta kafin ta sa. Sai ta sunkuyar da kai tana ta gyara mayafinta.

Na fito ina hamdala, na ɗauka magana ta ƙare. Ashe yanzu aka fara. Shugaban sashe ya sake kirana, wannan karon har da ba ni kujera da tambayar yara. Ya ce hanya biyu ce a gabana. Idan kwamiti ya rubuta cewa matar ba ta karanta littafina ba, to a ƙa'ida ba a horar da ni ba ke nan, mako goman nan sun tashi a banza, sai na sake daga farko, ba kuma zan gama da 'yan ajinmu ba. Ya ƙara da cewa hakan zai taɓa ɗaliban da suka wuce ta hannunta a baya, kuma asibitin na iya daina karɓar 'yan makarantarmu. Amma idan na yarda a rubuta cewa rashin fahimta ce aka samu tsakanin ɓangare biyu, na kuma rubuta layi biyu na ban haƙuri kan zuwa ziyara ba da izini a rubuce ba, sai in ƙarasa mako biyun da suka rage in karɓi takardata lafiya lau. Kin ji fa, Yaya. Ita ta ƙi aikinta, malaminsu ya ƙi nasa, tsoho ya karye, amma mai ba da haƙuri ni ce, kuma wai alfarma ake yi mini. Wannan shi ne haƙurin da kika aiko a ce in bayar.

Ba zan ɓoye miki ba, na so in karɓa. Shekara uku ina tashi da asuba in gama aikin gida in bi mota zuwa aji, in zauna cikin yaran da na kusa haifa. Na ce a ba ni kwana ɗaya. Baban yara ya ce duk wanda na zaɓa yana bayana, amma in zaɓi wanda zan iya kallon kaina da shi. Washegari da safe na tafi asibiti a matsayin mai ziyara kawai, na shiga wurin Baba Mai Agogo. Ya rame, an ɗaure masa ƙafa da wani ƙarfe. Ina zama ya kamo gefen mayafina da hannun hagu, ya yi ta kokawa da harshensa har na gane abin da yake faɗa. Wai in yafe masa. Nas-nas sun gaya masa an dakatar da ni, shi kuma ya ce ƙaryar da ya yi ta cewa ɗansa yana nan ita ta jawo mini, kunya ce ta hana shi faɗin cewa ba shi da kowa. Hawaye na bin gefen fuskarsa yana maimaita in yafe masa. Yaya, a duk mutanen da ke cikin wannan magana, masu digiri da masu hatimi da masu manyan kujeru, mutum ɗaya ne ya buɗe baki ya nemi gafara, shi ne wanda ƙugunsa ya karye. Daga gadonsa na wuce makaranta na ce a rubuta abin da ya faru yadda ya faru.

An rubuta, an kuma soke mako goman. Ina-Zuwa an hana ta karɓar ɗalibai, iyakar abin da aka yi mata ke nan, tana nan a ofishinta. Malamin da ya leƙo sau ɗaya ko tambayarsa ba a yi ba, yanzu in mun haɗu sai ya sha mur kamar ni na ture tsohon. Wasu 'yan ajinmu suna cewa taurin kai ne ya ci ni, takarda ai takarda ce. Abu ɗaya da ya sanyaya mini rai, ni da maƙwabciyar nan mun samo lambar 'yarsa a bayan wata tsohuwar kalanda, na kira ta da izininsa. Ta zo a gigice tana kuka tana faɗan me ya sa aka ɓoye mata. Za ta tafi da shi gidanta, kuma a ƙasa take zaune. Sai dai likita ya ce da wuya ya sake takawa.

Yau mako biyu ke nan da na fara sabon horon a wata cibiyar kula da masu naƙasa. Wanda aka haɗa ni da shi wani siririn dattijo ne, Jan Biro ake ce masa saboda yawan gyaransa. Shekaranjiya ya raka ni gidan wata mata mai kula da mijinta makaho, ya zauna a gefe yana kallonmu har muka fito. Ni har ina jin na burge. Muna kaiwa bakin titi ya ce na katse matar sau huɗu, na yi mata tambaya na amsa da kaina sau biyu, kuma lokacin da ta soma faɗin abin da ke damunta na gaske ni ina can ina cike fom. Ya ce jibi in koma in saurare ta da kyau, zai kuma sake biyo ni. Na hau mota ina huci, ina cewa a raina wannan tsoho ya cika fitina. Sai da muka yi nisa na tsinci kaina ina dariya ni kaɗai har na kusa da ni yana kallona, don tunda na fara karatun nan ba a taɓa yi mini faɗan da ya yi mini daɗi haka ba.

Saboda haka ki ɗage zuwan da kika shirya na bikin kammala karatuna sai baɗi in Allah ya kai mu. Ki kuma kira Kawu da kanki ki gyara masa labarin, ke yake jin nauyi. Sannan ina da roƙo ɗaya, kada ki ji haushina. Shekara ashirin kina aikin jinya, na san ke ma ana turo miki ɗalibai, na kuma san yadda aiki yake shan kanku. Ban ce kina yi ba. Amma duk ranar da wata yarinya ta miƙo miki littafinta, don Allah ki nemi kujera ki zauna.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da 'yan biyu, da takwarata, ki ce mata ina sane da alkawarin ɗinkin da na yi mata. Ki miƙa gaisuwata ga Goggo in kin je duba ta, Allah ya ƙara mata lafiya. Inna tana gaishe ku, ta ce a gaya miki kin yi mata nisa, waya kaɗai ba ta isa ba. Baban yara da 'ya'yanki duk suna gaisuwa. Allah ya tsare mana ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Maman Auta